Wankin Shasi Kafin Fenti

A cinikin yi wa mota kwaskwarima, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko can Magazin ta Suame a Kumasi, lissafin kusan iri ɗaya ne. Ana ƙirga kuɗin walda, kuɗin mai gyaran bodi, galan nawa na fenti motar za ta sha, wane launi, na wane kamfani. Wankin shasi ba ya shiga takarda. Sai an gama ciniki an karɓi kafin alƙalami, sannan maigidan gareji ya waiga ya ce wa ƙaramin yaronsa, "Kai, ɗauko gas da tsumma ka goge ƙasan nan." Yaro ya shige ƙarƙashi, ya yi iya yinsa, ya fito baƙi ƙirin, shasi kuwa sai ƙyalli yake. Kowa ya gamsu. Alhali ƙyallin nan shi ne shaidar aiki bai yi ba, don mai ne yake ƙyallin, ba ƙarfe ba.

Ra'ayina a nan babu kwana-kwana: shasin da ba za a wanke shi har ƙarshe ba, gara a bar shi da dauɗarsa. Amma kafin a ce na yi tsauri, sai a fara sanin abin da ke faruwa tsakanin fenti da ƙarfe.

Fenti ba ya kama ƙarfe don an fesa shi da ƙarfi. Yana kamawa ne in ya jiƙa ƙarfen, ya baje a kansa, ya shiga kowane ɗan kaushi da ido ba ya gani, sannan ya bushe a wurin. In akwai mai a tsakani, a kan man fentin ya zauna, shi kuwa mai ba ya bushewa, ba ya riƙe komai. Shafi ɗaya na firaima, wato fentin farko da ake shimfiɗawa a kan tsurar ƙarfe, kaurinsa bai wuce na silin gashi ba, kuma man da ya fi haka siranta nesa ba kusa ba ya isa ya raba shi da ƙarfen. Wani lokaci abin yakan tona kansa nan take, fenti ya riƙa ja da baya yana barin ƙananan ramuka masu zagaye, waɗanda masu fenti ke kira idon kifi. Wannan ma sa'a ce, tunda an gani da wuri. Yawanci ba a ganin komai. Fenti ya bushe sumul, mai mota ya biya ya tafi, sai bayan watanni tsakuwar hanya ta ɓantare wuri guda, ruwa ya samu ƙofa ya bi ta ƙarƙashi, fenti ya fara ɗayewa falle-falle. Masu iya magana sun ce ba a kitso da ƙwarƙwata.

Abin da ke jikin shasin tsohuwar tifa ko gingimari kuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai baƙin man inji da ke ɗiga daga sil ɗin da ya gaji, iska ta kwashe shi ta shafe dogayen ƙarafan nan biyu tun daga gaba har baya. Akwai man giya da na dif, mai kauri, mai warin farar wuta. Akwai giris da aka yi shekaru ana ɗurawa a fil ɗin sifirin da gaɓoɓin farfela, yana bulbulowa yana taruwa. Shi giris mai ne da aka daskarar da wani irin sabulun ƙarfe, galibi na litiyam, kuma da gangan aka yi shi don kada ruwa ya wanke shi. Akwai man birki, wanda cin fenti yake yi, ko da yake shi ruwa na ɗauke shi. Duk waɗannan jar ƙasar hanya da ƙurar hunturu sun hau kansu sun cakuɗe, rana da zafin inji sun gasa, har ya zama ɓawo mai kaurin yatsa a wasu lunguna.

Sai gishiri, wanda ba a cika tunawa da shi ba don ba a ganinsa. Motocin Beljiyam da ke shigo mana ta Kwatano da Legas, da yawansu daga ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara suka fito, irin Kanada da arewacin Amurka da Jamus, kuma gishirin yana nan maƙale a cikin kwaroron shasi da bayan kowane baraket. Namu na gida ma ba su tsira ba. Tirelar da ke ɗaukar shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa kudu, fitsarin dabbobi ta tsakanin katako yake bi ya sauka a kan shasi. Wadda ke jigilar takin zamani ma haka, garin takin na zuba, ruwan sama na narkar da shi. Gishiri ba ya narkewa a fetur, ba ya narkewa a tina. Ruwa ne kaɗai ke fitar da shi. In aka rufe shi da fenti, zai riƙa jawo danshi ta cikin fentin, don babu fentin da tururin ruwa ba ya ɗan ratsawa, sai ka ga ƙuraje sun taso, ka fasa ɗaya da farce ruwan tsatsa ya fito.

Na uku ita ce tsatsar kanta, kuma ita kowa ke gani, shi ya sa ake gaggawar ɗauko giranda da buroshin waya. Nan ne ake ɓata rawa da tsalle. Buroshin waya in ya hau ƙarfe mai maiƙo ba cire maiƙon yake ba. Zafin gugar yana narkar da giris, wayoyin suna baza shi, suna cusa shi cikin sababbin karce-karcen da su da kansu suka yi, sannan buroshin ya ɗauki saura ya kai inda da babu. Samfefa ma toshewa take yi ta koma shafawa. Masu fesa yashi da iska su ma haka, yashin da aka kwashe aka sake amfani da shi yana komawa da man jiya. Ruwan kashe tsatsa mai asid ɗin fosforik da ake sayarwa a galan kuwa, in ya tarar da mai a gabansa ko kusa da tsatsar ba zai kai ba. Saboda haka mai ake fara cirewa, sannan a taɓa tsatsa. Ba ni na ƙago wannan ba. Ƙungiyar masu fentin ƙarafa ta Amurka, SSPC, da aka kafa a 1950, ƙa'idarta mai lamba ɗaya, SP 1, a kan cire mai da giris take, sauran ƙa'idojinta na goge tsatsa kuma suna sharɗanta a fara da ita. Af, maganar fesa yashi: ƙurar yashin rafi tana daskarar da huhu sannu a hankali, har Ingila ta hana wannan aiki da yashi tun wajen 1950. Mu har yanzu akwai mai ɗaura hankici a hanci ya shiga.

To da me za a wanke? A fara da gas, tunda shi ne a hannun yaron. Gas yana narkar da giris, babu musu. Illarsa ita ce shi ma mai ne. Sai zafi ya kai tsakanin digiri 180 zuwa 360 a ma'aunin Selsiyos yake tafasa ya tashi, to ranar Kano ko Sakkwato ta watan Afrilu, da ke ɗan haura 40, ba za ta busar da masu nauyin cikinsa ba ko da an shanya shasin mako guda. Abin da yaron ya yi shi ne ya musanya baƙin mai mai kauri da farin mai siriri. A matsayin jiƙo na farko, don ɓawon ya saki, gas yana da amfani. A matsayin wankin ƙarshe, babu shi. Kalanzir ƙanensa ne, ya ɗan fi shi saurin tashi, amma shi ma yana barin santsi.

Fetur yana bushewa da wuri, wannan ne ya sa ake masa kallon mai tsafta. Sai dai a yi tunani: fetur ya narkar da giris, fetur ya tashi, ina giris ɗin ya tafi? Yana nan, ya dai baje ya ƙara faɗi. Ga kuma abin da ya fi wannan muni. Tururin fetur yana kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin garinmu, kuma ya fi iska nauyi, don haka ba sama yake tashi ba, kwanciya yake a ƙasa, ya gangara cikin ramin duba mota, ya bi ƙasa har inda mai walda ke tsugune. Gas sai ya haura digiri 50 yake ba da tururin da zai kama. A garejin da walda da wanki ke gudana a ƙarƙashin rumfa ɗaya, wanke shasi da fetur ganganci ne. Sannan akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda an tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma ta huhu da ta fata duk yana shiga. Yaran da ke wanke hannu da fetur kullum kafin su ci abinci, ya kamata iyayen gidansu su ji tsoron Allah a kansu.

Tina ta fi su tsafta in mai kyau ce, amma saurin tashinta ya yi yawa, kafin ka goge ta bushe, kuma tana jiƙa tsohon fenti da roba. Ta araha da ake aunawa a gorar ruwa kuwa, sau da yawa wadda aka riga aka yi aiki da ita ce aka tace, tana tafe da nata dattin. Kamfanonin fenti suna yin ruwan goge maiƙo na musamman, mai jinkirin bushewa, don ya ba mutum damar kwashe abin da ya narke. Ko da wanne za a yi gugar ƙarshe, dabarar ɗaya ce, tsumma biyu ake riƙewa. Na hannun dama jiƙaƙƙe, ya shafa wuri kamar kamu biyu. Na hannun hagu busasshe, ya bi baya ya ɗauke tun wurin yana da lema. Ana juya tsumman kowane shafi, ana jefar da shi da zarar ya yi baƙi, kuma ba a tsoma tsumma cikin galan, zubowa ake a kansa, in ba haka ba galan ɗin gaba ɗaya ya gurɓace. Aikin yana cin tsumma ƙwarai. Wanda ka ga ya gama shasin a-kori-kura da tsohuwar singileti guda ɗaya, shafa ya yi.

Babban wankin dai na ruwa da sabulu ne, kuma a nan akwai wani ruɗani game da soda. Mata masu haɗa sabulu sun san soda tana cinye man ja ko man gyaɗa ko kitse ta mayar da su sabulu. Sai ake zaton haka za ta yi wa baƙin mai. Ba ta yi, domin man da aka samo daga ɗanyen man fetur ba irin ginin da soda ke iya fasawa gare shi ba. Abin da ke ɗaga shi su ne sinadaran kumfa na cikin omo da ruwan wankin inji, waɗanda ke kewaye kowane ɗigon mai su raba shi da ƙarfe, ruwa ya tafi da shi. Soda tana taimakawa wajen tausasa tsohon fenti da datti, amma tana cin alminiyam, tana cin tutiyar da aka lulluɓe wasu ƙarafa da bututun birki da ita, ɗigo ɗaya a ido kuma yana iya zama makanta. Omo yana aiki, ba na raina shi, sai dai akwai gishirai a cikinsa, in ba a ɗauraye sosai ba an kori wani gishiri an ajiye wani. Ruwan zafi ya fi na sanyi nesa, don giris sakin jiki yake da ɗumi. Wanda ba shi da injin wanki mai dafa ruwa, rabin duro a kan murhu can nesa da mota ya wadatar. Kuma da sassafe ko a inuwa ake yi. Sabulun da ya bushe a kan ƙarfen da rana ta gasa, man da ya ɗauko yake mayarwa.

Akwai masu ƙone giris da wutar gas ta walda. Toka da gawayi suke bari, kuma dogayen ƙarafan manyan motoci da yawa an gasa su ne a masana'anta zuwa wani ƙarfi na musamman, shi ya sa ake manna musu gargaɗin kada a yi walda ko huda a leɓensu. Wuta tana iya kashe wannan ƙarfin ba tare da an ga alama ba. Masu zuba ruwan batir don cin tsatsa ba na ma son tsayawa a kansu.

A aikace, abin da ya fi kowane sinadari rage aiki shi ne kankara a bushe. A shimfiɗa kwali ko tsohon kwano a ƙasa, a ɗauki faffaɗan ƙarfe da tsohon sukundireba a kankare ɓawon nan tun ba a zuba komai ba. Mafi yawan dattin a nan yake fita, kuma ya fita a dunƙule, ba a kwata ba. Sannan jiƙo, sannan sabulu da buroshi mai tauri, sannan ɗauraya, a maimaita. In da injin feshin ruwa za a yi, a rufe kayan wuta da numfashin dif da giyabos, kada kuma a saita bakin tiyo kan boris da sil, don ƙarfin ruwan yana tura datti ciki. A cusa tiyo cikin kowace ƙofa ta kwaroron shasi har ruwan da ke fitowa ya daina zuwa da laka, a buɗe ramukan tsiyayar ruwa da suka toshe.

Wurin da ke ba da wahala shi ne inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe: inda aka dasa ƙarafan gicciye da ribit, bayan mariƙin sifirin, tsakanin shasi da ƙarin falle da aka yi masa don ɗaukar lodi. Mai ya yi shekaru yana shiga waɗannan tsaguna. Ka wanke shasin ya fita fes, ka bar shi a rana zuwa azahar ka dawo. Za ka ga wani baƙin zare ya fito daga gefen kowane ribit, yana faɗaɗa a hankali, ya yi inuwa mai lema a kan busasshen ƙarfe. Zafi ne ya tsinka man da ke ciki ya turo shi waje. In aka yi fenti da safe, da rana ta nan man zai fito ƙarƙashin fentin, kuma daga nan ɗayewa ke farawa. Maganinsa haƙuri: a bar rana ta fito da shi, a goge, a sake shanyawa, har zaren ya daina fitowa. Abin da ke kwancuwa da sifana kuwa a kwance shi a wanke bayansa.

Ta yaya za a san an gama? Da ruwa a buta. A zuba tsabtataccen ruwa a kan ƙarfen a tsaya a kalla. In ya baje ya yi shimfiɗa ɗaya ba yankewa, ya tsaya haka kamar rabin minti, wurin ya fita. In ya tattare ya yi ƙwallo-ƙwallo, ko ya ja da baya ya bar tsibirai busassu, da sauran mai. Sharaɗi ɗaya ne, sai an ɗauraye sabulu tas, don ragowar sabulu tana sa ruwa ya baje ko a kan mai, ta ba da shaidar zur. Wannan gwaji da ba ya cin ko sisi, da shi ake aiki a manyan masana'antu, har lamba gare shi a littafin ƙa'idojin Amurka, ASTM F22. A ƙara da farin ƙyalle, a goga a lungu a duba.

Maganar masana'anta ta sa na tuna abin da masu tsofaffin motoci kan faɗa, wai fentin kamfani daban ne, nasu na da wani sirri. Sirrin mafi yawansa wanki ne. A layin haɗa mota, kafin bodi ya ga fenti sai ya bi ta tankuna a jere: ruwan sabulu mai zafi, ɗauraya, wani ɗaurayar, sannan ruwan fosfet da ke yi wa ƙarfe wata siririyar fata mai kaushi da fenti ke riƙewa, sannan ɗauraya da ruwan da aka cire wa gishiri. Dabarar fosfet ɗin tsohuwa ce, wani Bature mai suna Thomas Coslett ya yi mata rajista a Ingila tun 1906. Bayan nan ake tsoma bodin ɗungurungum cikin tafkin fenti a sakar masa lantarki, fentin ya bi wutar ya shiga kowane lungu. Kamfanin Ford ne ya fara wannan a farkon shekarun 1960. Bakaniken gefen titi ba shi da tankuna, amma ya lura da rabon aikin: matakai da yawa na wanki, kafin mataki ɗaya na fenti. Mu namu a kife yake.

A da, a masana'antu, wani sinadari mai suna tirikuloro'etilin ake dafawa a rataye ƙarfe cikin tururinsa, ya fito ba ɗigon mai. Yana aiki kamar me, amma a 2012 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, a Disambar 2024 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana shi. Danginsa masu kulorin suna nan a cikin wasu gwangwanayen feshin wanke birki da ke kasuwa. Wanda ya fesa irin wannan a shasi, sannan ya ɗora walda kafin ya bushe ƙarƙaf daga tsaguna, zafin waldar na iya mayar da shi fosjin, iskar gubar da aka yi kisa da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kaɗan ta isa ta lalata huhu, kuma ba lallai a ji illar nan take ba sai bayan sa'o'i. A karanta jikin gwangwani.

Bayan an wanke, an goge tsatsa, an sake guga da tsumma biyu, sai wata rigimar: ƙarfen da ya fita tas ba ya jira. A damina, cikin 'yan sa'o'i za ka ga ya fara yin ja-ja. Ƙa'idar masu fentin ƙarafa ita ce kada a yi fenti in danshin iska ya haura kashi 85 cikin ɗari, kuma ƙarfen ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. A sauƙaƙe, ba a fenti da asuba a watan Agusta, ba a yi hadari na haɗowa. Da hunturu kuwa danshi ba matsala ba ne, ƙura ce, sai a yayyafa ruwa a ƙasan rumfa. Ko yaushe ne, firaima ta hau a ranar da aka gama gogewa. In shasin ya yi girma, a raba shi kashi-kashi.

A wannan ɗan tsakanin ne ake mayar da man da aka sha wahalar cirewa. Tsohuwar kwampuresa tana tofo mai da ruwa tare da iska, mutum yana busar da shasi da ita yana zaton alheri yake yi. A fesa iskar kan farar takarda na minti guda, in ta yi tabo, a tsiyaye tanki a sa matata. Hannu ma haka, zufa gishiri ce da maiƙo, shatin yatsu biyar yakan fito da tsatsa ƙarƙashin fenti, don haka a sa safar hannu. Mafi sharri shi ne silikon na man goge dashbod da na sa taya ƙyalli. Wani ya fesa shi a can ƙarshen gareji, iska ta kawo, shasi ya cika da idon kifi, a rasa daga ina.

Wankin yana da wata riba da ba ta fenti ba. Shasin da ya fita tas ba ya ɓoye komai. Tsagewar da ke gefen mariƙin sifirin, ribit ɗin da ya saki, wurin da tsatsa ta cinye har guduma na lotsa shi, duk sai bayan wanki ake ganinsu, kuma kafin fenti ya kamata mai walda ya gama nasa. Haka yoyon mai. Wanda bai canza sil da gaskit ɗin da ke zubar da mai ba, mako biyu sabon fentin ya koma gidan jiya. Sai lambar shasi, wadda a yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 haruffa da lambobi 17 ce. A wanke ta da buroshi mai laushi, kada giranda ta kusance ta, kada a cike ta da fenti mai kauri. Lambar da ta yi kama da an taɓa ta, bayani ne mai tsawo a gaban kwastan ko 'yan sanda.

Yanzu a koma kan abin da na faɗa, cewa gara a bar shasi da dauɗarsa. A wuraren wankin mota akwai al'adar fesa wa ƙasan mota gas da baƙin mai, wai don kada ta yi tsatsa. Ba na yabon al'adar, don tana kumbura robobin bushin, tana tara ƙura, tsohon man juye kuma guba ne ga fata da ƙasa. Amma gaskiya ɗaya ce, ƙarfen da mai ya lulluɓe ruwa ba ya kama shi. Duba tsohuwar mota a arewa, inda ake wata bakwai ko fiye ba ruwan sama: gefen da inji ke yoyo, ka kankare ka tarar da ƙarfe lafiya lau. Fentin da aka ɗora a kan rabin wanki kuwa ya kori wannan kariyar, sannan shi bai kama ba, ya zama aljihun da ruwa ke shiga ya kwana. Tsatsar da ke ƙarƙashin ɗagaggen fenti ta fi ta fili ci, don ba ta bushewa kuma ba a ganinta. Bare in kwaltar nan mai kauri aka shafa, wadda dillalai ke so don tana rufe asiri. Mai sayen motar hannu da ya ga ƙasanta baƙi wul da sabuwar kwalta, ya tambayi abin da aka binne.

Laifin kuma ba na mai fenti kaɗai ba ne. Sau da yawa mai motar ne ke tsaye a kansa, mota na da lodi jibi. In mai fenti ya ce a ba shi kwana uku na wanki, amsar ita ce, "Haba Malam, ƙasa ne fa, wa zai leƙa?" Shi kuma ya ce, "To Alhaji, yadda ka ce," ya kira yaro da gas. Wanda ke son aiki mai ƙarko ya sa wanki a lissafi da kuɗinsa daban, da kuɗin sabulu da tsumma da safar hannu da tabarau na yaron, ya kuma ce a kira shi ya ga shasin tsirara kafin firaima ta hau. Ya zo da butarsa.

Ruwan wankin kansa kada ya bi kwata. A unguwannin da mutane ke shan rijiya da burtsatse, abin da ya nutse a ƙasan gareji ba nisa yake zuwa ba. Duro biyu da aka haɗa da bututu daga ƙasa sun isa: mai ya taso sama a na farko a kwalfe shi a tara a jarka, laka ta kwanta, ruwa ya wuce na biyu. Ɓawon da aka kankare da tsummokaran da suka sha mai a zuba su a garwa mai murfi, nesa da walda.

Cikin kwaroron shasi kuwa, inda buroshi ba ya kaiwa kuma bindigar fenti ba ta gani, ba a wahalar da kai da fenti. Bayan ya bushe sarai, kuma fentin waje ya yi kwanakinsa ya ƙeƙashe, sai a zura siririn tiyo a fesa kakin hana tsatsa a ciki, a bar ramukan tsiyaya a buɗe. Sai an gama fenti ake wannan, domin kakin yana tsattsafowa ta tsaguna, in ya riga fenti zuwa sai an sake wankin daga farko.